Sharhi: "Bari damina ta wuce" da abin da doka ta tanadar wa mai gidan haya a Tawa

Sharhinmu na yau ya shafi gidajen haya a birnin Tawa da garuruwan arewacin Adar, da wata magana da kusan kowane ɗan haya ya taɓa ji daga bakin mai gida ko wakilinsa: "Ka yi haƙuri, bari damina ta wuce, za a gyara."

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin ƙasa ya san yadda abin yake farawa. Indararo ya karye, ko leda ta toshe shi, ruwan da ya kamata ya zuba nesa da gini sai ya riƙa bin bango yana gangarowa. Wata siririyar tsaga ta fito daga kusurwar taga ta nufi sama. Gindin katanga ya fara zubar da gari. A cikin ɗaki azara guda ta lanƙwasa, gara ta cinye cikinta, in an ƙwanƙwasa sai ta amsa da amon fanko. Uwar gida ta riga ta san inda take ajiye roba in hadari ya haɗo, ta san gefen da ake janye katifar yara. A watan Afrilu ko Mayu magini zai gama da wannan cikin kwana biyu, da ƴan amalanken ƙasa, da azara ɗaya, da sabon indararo. A watan Agusta kuwa, bayan ƙasar rufi ta sha ruwa ta yi nauyi, magini ma sai ya yi shawara kafin ya hau.

Tawa gari ne na ƴan haya fiye da yadda ake zato. Ƙidayar 2012 ta samu mutum kusan dubu 150 a birnin, kuma tun daga lokacin unguwanni sai faɗaɗa suke. Akwai malaman makaranta da ma'aikatan likita da aka yo wa canjin wurin aiki daga Damagaram ko Yamai, akwai sojoji da jandarmomi da iyalansu, akwai ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani da ke haɗa kuɗi su kama ɗaki guda, akwai ƴan tireda da teloli da masu gyaran waya da ke riƙe da shaguna a kewayen kasuwa. Masu gidajen kuma iri-iri ne. Wani tsohon ma'aikaci ne da ya zuba kuɗin ritayarsa a ginin ɗakuna na jeri. Wata gwauruwa ce da hayar ɗaki biyu ke ciyar da ita. Wasu magada ne da ba su raba gado ba. Da yawa kuma ƴan bida ne, ƴaƴan Tamaske da Keita da Buza da Barmu da Kalfu, waɗanda suka nemo kuɗi a Abijan, ko Najeriya, ko Libiya da Aljeriya, suka gina gida a Tawa, suka bar makulli hannun ƙane ko dillali suka koma.

Daminar 2024 ta nuna wa kowa abin da ruwa ke iya yi wa ginin da aka bari. Zuwa farkon Satumba na wannan shekara hukumomin Nijar sun ƙirga mamata 273, kuma 152 daga cikinsu gini ne ya rufta musu, ba ruwa ne ya tafi da su ba. Kafin ƙarshen watan adadin ya kai 339, mutum fiye da miliyan ɗaya sun shiga halin ƙaƙa-nika-yi, aka ɗage komawa makarantu zuwa 28 ga Oktoba. Jihar Tawa ce ta biyu a yawan mamata bayan Maraɗi, ko da yake a nan dole a tuna da mutum fiye da 50 da ruwa ya tafi da motocinsu a hanyar kasuwar Telemses cikin Agusta. Ba wanda zai ce duk ginin da ya faɗi a wannan shekara sakaci ne ya kayar da shi. Ruwan ya wuce misali, har tsohon masallacin Damagaram bai tsira ba. Amma a kowace unguwa an ga gidaje biyu maƙwabta, ƙasa ɗaya, shekaru ɗaya, wanda aka yi wa yaɓe da rani yana tsaye, wanda aka ce a bari damina ta wuce ya kwanta.

To me doka ta ce?

Nijar ta yi doka ta musamman kan haya, mai lamba 96-016 ta ranar 18 ga Afrilu 1996. Amma tushen maganar gyara ya girme ta, yana cikin kundin dokokin zaman jama'a da ake kira Code civil, wanda ƙasar ta gada daga Faransa, kuma alƙalai ke aiki da shi har yau. Aya ta 1719 ta ɗora wa mai gida abu uku ko da ba a rubuta su a takarda ba: ya miƙa gidan, ya kula da shi yadda zai yi amfanin da aka kama shi dominsa, ya kuma bar ɗan haya ya zauna cikin kwanciyar hankali. Aya ta 1720 ta ƙara fito da abin fili: gida a miƙa shi cikin kyakkyawan hali, kuma duk gyaran da ya zama dole a tsawon zaman haya na mai gida ne, ban da ƙananan gyare-gyare irin na mazaunin gida. Makullin da ya lalace, gilashin da yaro ya fasa, ƙyauren da aka ɓalle, waɗannan na ɗan haya ne. Rufi, azara, katanga, ramin masai, waɗannan na mai gida ne. Ko ƙananan ma, aya ta 1755 ta ce in tsufa ne ya lalata su, ba a bin ɗan haya.

Mutane da dama a Tawa suna kama gida da baki, gaban shaida ɗaya ko biyu, a biya wata uku gaba, shi ke nan. Wasu masu gida suna ganin rashin takarda kariya ce gare su. Ba haka ba ne. Aya ta 1714 ta yarda da hayar baki kamar yadda ta yarda da ta rubuce. Wanda ya karɓi kuɗin wata ya ɗauki nauyin da ke biye da kuɗin.

Haɗari na farko ga mai jan ƙafa shi ne aljihunsa. Ɗan haya na iya zuwa kotu ya nemi a tilasta gyara, ko a ba shi izini ya gyara da kansa a kan kuɗin mai gida, ko a warware hayar, a kuma biya shi diyyar abin da ya yi asara. Aya ta 1721 ta ce in aibin gida ya jawo wa ɗan haya hasara, mai gida zai biya, ko da bai san da aibin ba lokacin da aka ƙulla haya. A ɗauki misali da malamin makaranta da ke biyan jika goma sha biyar a wata. Ya faɗa, ya sake faɗa, rufi na yoyo. Daren wata Juma'a ƙasa ta zubo kan talabijin da katifa da buhun hatsi da akwatin tufafin matarsa. Gyaran da aka ƙi yi bai kai hayar wata uku ba. Kayan da suka lalace na iya haura hayar shekara, kuma bayan an biya su rufin yana nan yana jiran gyara.

Ga masu shaguna da ma'ajiyar kaya maganar ta fi tsauri, domin a nan dokar kasuwanci ta OHADA ce ke aiki, wato tsarin da Nijar ta shiga tun yarjejeniyar 1993, wanda ƙasashe 17 ke bi a yau, ciki har da Kodebuwa inda Adarawa da yawa ke kasuwanci. Kundin da aka sabunta a Lome ranar 15 ga Disamba 2010 bai bar wurin gardama ba. Aya ta 106 ta lissafo manyan gyare-gyaren da ke kan mai gida: manyan bangaye, ginshiƙan rufi, rufin kansa, katangar kewaye, ramin masai da na ruwan datti. Ta ce muddin ana aikin, za a rage kuɗin haya daidai da lokacin da ɗan kasuwa ya rasa amfanin wurin, kuma in aikin ya hana shi sana'a gaba ɗaya yana iya neman a dakatar da hayar ko a soke ta. Aya ta 107 kuwa ita ce wadda ya kamata kowane mai shago ya sani: in mai gida ya ƙi, alƙali na iya ba ɗan haya izini cikin gaggawa ya yi aikin, kuma alƙalin ne zai yanke adadin kuɗin da yadda za a mayar masa. Daga nan mai gida ba shi ke zaɓen magini ba, ba shi ke ciniki ba, biya kawai ya rage masa. Mai ma'ajiyar da ruwa ya jiƙa wa buhunan shinkafa ko sukari saboda kwanon da aka ƙi canzawa ba zai tsaya kan kuɗin kwano ba in ya je gaban alƙali.

Sai haɗarin da ya fi wannan girma, wanda ya wuce ɗan haya ya kai ga maƙwabci da mai wucewa. Aya ta 1386 ta Code civil gajera ce: mai gini shi ke da alhakin ɓarnar da rushewar gininsa ta yi, in rashin kulawa ne ko aibin gini ya jawo ta. Katanga ta faɗa kan awakin maƙwabci, ko kan babur da aka jingina, ko, Allah ya kiyaye, kan almajirin da ya fake wa ruwa a gindinta. Dokar ba ta tambayi wanda ke karɓar haya ba, ba ta tambayi wanda ke riƙe da makulli ba. Mai gini ta ambata.

Wannan ya shafi Adar kai tsaye. Alhaji yana Abijan, shekara biyu bai zo gida ba. Ɗan haya ya gaya wa ƙanensa, ƙanen ya ce zai kira Yaya. Wataƙila ya kira, wataƙila bai kira ba. Wataƙila an aiko da kuɗin gyara suka shige cikin hidimar suna ko biki. A idon wanda aka cuta da kuma idon kotu duk wannan lissafi ne na cikin gida. Alhaji ne mai gini, shi za a nema, daga baya ya je ya bi ƙanensa in yana da hujja. Haka gidan gado: magada shida, kowa na miƙo hannu ranar rabon haya, ba wanda ke yarda a cire kuɗin yaɓe daga kasonsa. Ranar da bango ya faɗi a kan mutum, su shidan ne masu gida.

Nan ne mutane ke cewa ai ikon Allah ne. Babu musulmin da zai musa haka, kuma doka ma ta san da abin da ya fi ƙarfin mutum. In ambaliya irin wadda ba a saba gani ba ta share unguwa, sabon gini da tsoho, aya ta 1722 ta ce hayar ta ƙare da kanta, ba wanda ke bin wani diyya. Amma kafin alƙali ya karɓi wannan uzuri sai ya duba ko abin ya zo ba zato, kuma ko babu yadda za a yi a kauce masa. Ruwan Agusta a Tawa ba baƙo ba ne. Kowa ya san zai zo, kowa ya san unguwannin da ke kwari da waɗanda ke kusa da tafkin Babaye. Mai gidan da aka nuna wa tsaga tun watan Maris zai sha wuya kafin ya gamsar da kotu cewa abin ya zo masa ba shiri.

Malamanmu na Malikiyya ma sun daɗe da tattauna wannan, kuma abin da suka faɗa ya cancanci a ji shi. A Mukhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan Adar, hukuncin da aka fi sani shi ne ba a tilasta wa mai gida gyara, sai dai in lalacewar tana cutarwa ɗan haya yana da zaɓin ya warware haya ya tashi. A wannan gaɓa rubutacciyar doka ta fi matsa wa mai gida, kuma ita ake buɗewa in rikicin haya ya kai kotu. Amma a kan katangar da ta karkata, fiƙihu bai sassauta ba: in an gargaɗi mai ita, yana da halin gyarawa, ya bari har ta faɗi ta halaka rai ko dukiya, lamuni na kansa. Malam a zaure da alƙali a kotu duk tambaya ɗaya za su yi wa mai gida: an gaya maka? Yaushe? Me ka yi daga ranar?

Saboda haka kowane "bari damina ta wuce" shaida ce da mai gida ke bayarwa a kan kansa. Ya amsa cewa ya sani, ya kuma amsa cewa ya jinkirta. A zamanin nan kuwa maganar ba ta bin iska. Tana cikin saƙon murya na WhatsApp, da kwanan wata, da hoton tsagar da aka tura masa.

In rai ya salwanta ko wani ya ji ciwo, maganar na iya barin fagen diyya ta koma ta laifi. Dokar hukunta laifuka ta Nijar, tun kundin 1961, ta tanadi ɗauri da tara ga wanda sakacinsa ko ganganci ko ƙin bin ƙa'ida ya jawo mutuwa ko rauni ba da niyya ba. Masu ganin ba a taɓa kama mai gida kan irin wannan su dubi Faransa, inda ayoyin namu suka samo asali. Ranar 5 ga Nuwamba 2018 wasu tsofaffin benaye biyu suka rufta a titin Aubagne na birnin Marseille, mutum takwas suka mutu. Mazauna gidan sun daɗe suna kuka da tsagewar bango da ƙofofin da suka daina rufuwa. An yi shari'a a ƙarshen 2024, kuma a watan Yulin 2025 kotu ta yanke wa wasu daga cikin masu gidan hukuncin ɗauri. Abin da aka fi tuhumarsu da shi shi ne sun san halin da ginin ke ciki, suka ci gaba da karɓar haya.

Gaskiya ne a Tawa ba kasafai irin wannan ke kai wa kotu ba. Akan yi ta'aziyya, dattawa su shiga tsakani, a ce a bar wa Allah. Ɗan haya baƙo ne, yana tsoron a ce ya tashi, yana kunyar kai ƙarar dattijon da ya girmi mahaifinsa. Wannan kunya ce masu jan ƙafa suka dogara da ita, kuma ba daidai ba ne a mayar da kawaicin talaka jari. Sannan ba abin dogaro ba ce. Da yawa daga masu haya a yau ma'aikata ne da ɗalibai da ƴan kasuwa da suka san hanyar babbar kotun Tawa, kuma hukumar ANAJJ, wadda aka kafa a 2011 don taimaka wa marasa ƙarfi a harkar shari'a, tana ba da shawara kyauta.

Ɗan haya shi ma akwai inda yake jefa kansa cikin rami. Da yawa in sun gaji sai su ce ba za su ƙara biya ba sai an gyara. Zuciya ta yarda da wannan, amma kotu ba lalle ta yarda ba, domin muddin mutum yana cikin gida yana amfani da shi, rashin biya na iya zama hujjar korarsa, mai gaskiya ya koma mai laifi. Haka wanda ya kira magini da kansa, ya kashe kuɗi, sannan ya zo yana cirewa daga haya ba tare da yardar mai gida ko izinin alƙali ba. Hanyar da ta fi tsaro ita ce ya ci gaba da biya yana karɓar rasit, ya sanar da mai gida ta hanyar da za ta bar shaida, ya kai magana gaban mai unguwa ko sarki, waɗanda doka ta ba ikon sasanta jama'a, in ta ƙi ya sa ma'aikacin shari'a mai isar da takardu ya zo ya ga ɓarnar ya rubuta, ya kai wa mai gida gargaɗi a hukumance. Kuma in mai gida ya zo da magini, dole a buɗe masa ƙofa a jure ƙura. Aya ta 1724 ta ce sai aikin ya wuce kwana 40 ake rage hayar gidan zama, sai fa in ya hana iyali wurin kwana gaba ɗaya, a nan suna iya neman a warware.

Ba duk mai jinkiri ne mugu ba. Tsohuwar da hayar ɗaki biyu ce abincinta ba ta da jika ɗari a ajiye, kuma azara mai kyau ta yi tsada tun da itace ya ja baya a ƙasar. Siminti ma, duk da masana'antar Malbaza na cikin jihar, ya daɗe yana gagarar talaka, har gwamnati ta sa baki ta rage farashinsa a watan Oktoban 2024 bayan ambaliya. Sai dai talauci ba ya ɗauke alhaki a gaban doka, kuma mai ƙaramin ƙarfi shi ne wanda diyya ɗaya za ta iya raba shi da gidan ɗungurungum. Irin wannan mai gida ya fi kowa buƙatar ya zauna da ɗan hayarsa tun da rani, a kira magini ya yi kuɗin aiki, a rubuta a takarda gaban mai unguwa cewa ɗan haya zai biya, za a riƙa cire kaza duk wata har kuɗinsa su fita. Ɗakin da ya wuce gyara kuma a fitar da mutane daga cikinsa kafin ruwan fari, a haƙura da hayar watannin nan.

Ga ƴan uwa da ke sauraro daga Abijan ko Legas ko Tamanrasset, kiran waya ga wakili bai wadatar ba. A nemi lambar ɗan haya a ji daga bakinsa. A sa a turo hoton rufi da gindin katanga da murfin masai a watan Afrilu. A ware hayar wata ɗaya ko biyu kowace shekara don gyara, a gaya wa wakili a rubuce cewa kuɗin nan na gini ne, kuma yana da izinin kiran magini ba sai ya jira amsa daga Yaya ba.